Maƙwabciyar Tabawa

Yammacin wata Talata ne a farkon damina. An yi ɗan yayyafi bayan la'asar ya ɗauke, garin Gummi ya yi luf, hayaƙin girki ya kwanta a kan katangu ya ƙi tashi. A gidan Makau safiyo, mai awon filaye, ba abin da ya bambanta da jiya. Matarsa Sahura ta kwashe tuwon dawa ta rufe, miyar yakuwa tana gefen murhu, kaji sun shige akurki. Makau ya ɗora hula ya tafi masallaci. 'Yarsu Kausar, budurwa 'yar shekara goma sha tara da ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya, tana bayan ɗaki tana alwala.

Sahura ta shiga ɗaki ta ta da sallar magariba. Raka'a uku ce fa, kuma ba ta zauna dogon lazimi ba. Da ta sallame ta ɗaga labule za ta fito, sai ta tsaya cak da labulen a hannu.

Tsakar gidan wayam. Ba turmi, ba taɓarya, ba tukwane, ba randa, ba tabarmar da ta shimfiɗa wa maigida. Murhu kaɗai aka bari, wuta tana ci a banza ba komai a kai. Ba ta ji takun kowa ba, ba ta ji ƙarar ko marfin kwano ba. Shirun da ke cikin gidan ma ya wuce shirun magariba, don akuyar da ke ɗaure ta daina tuƙa, ta kafe ido a kan ƙofar zaure.

"Kausar! Ke kika kwashe kaya?"

"Waɗanne kaya, Inna?"

Suka bi zaure da sanɗa, uwa a gaba, 'ya tana riƙe da bakin mayafinta. A ƙofar gida suka same su, bakin hanya. An jera komai tsaf. Tabarmi a naɗe an ɗaure su da igiya, turmi a kife, randa cike da ruwanta ko ɗigo bai zuba ba, kwanon tuwo a can sama yana tururi. Jeri ne irin na mutanen da aka tasa daga gida suna jiran amalanke.

Makau ya dawo ya tarar da iyalinsa da kayansa a titi, sai ya hau faɗa, don shi mutum ne da ya yarda tsawa tana maganin komai. "Wane ɗan iska ne ya yi wanga aiki? Ku kuna ina har aka shiga gida?" Waɗanda suka fito daga masallaci suka tsattsaya suna kallo. Can wani tsoho ya girgiza kai, ya ce a hankali, ba da kowa yake ba:

"Haka anka jera kayan Tabawa."

Ya wuce abinsa. Makau ya ji shi sarai. Bakinsa ya mutu nan take, ya duƙa ya ɗauki turmi da kansa ya shige gida.

Sai an san Makau za a gane abin da ya kashe masa baki. Shi ne mai awo na kwamitin gyaran gari, wanda aka kafa don a faɗaɗa hanyar kasuwa a ja mata magudanar ruwa. Kuma a faɗi gaskiya, ba wanda ya ƙi aikin. Kowace damina ruwa yakan ci unguwar bayan kasuwa, ya zubar da katangu, mata su wuni suna kwarfa da ƙwarya. Taswirar da aka zano ma ba ta da aibu, layi ne miƙaƙƙe sambal daga bakin kasuwa zuwa gangaren gulbi. Laifinta ɗaya ne: ta bi ta kan shagunan Alhaji Sambo, shi kuwa Alhaji Sambo shi ne shugaban kwamitin.

Ranar Lahadi aka kafa turakun awo, kowanne da jan ƙyalle a kai. Ranar Litinin aka wayi gari turakun sun yi tafiyar taku ashirin zuwa yamma. Turke dai ba shi da ƙafa, kowa a unguwar ya san wannan, amma wa zai buɗe baki? Sabon layin ya kauce wa shagunan, ya lanƙwasa kamar lauje, ya faɗa kan gidan Tabawa.

Tabawa tsohuwa ce mai sai da daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. Gidanta ɗaki biyu ne na ƙasa, sai wata tsohuwar tsamiya a jikin katanga, wadda ko kakannin unguwar a haka suka tarar da ita. Aka liƙa wa tsohuwa takardar tashi a ƙofa, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Kwana bakwai katafila ta iso. Dattawan unguwa ba su ma roƙi a bar gidan ba, sun san ba a ja da hukuma. Abu ɗaya suka nema. Suka ce a ƙasar nan ba a kada tsohon icce haka siddan, sai wani babba ya tsaya gindinsa magariba uku a jere ya yi sallama, ya ce bayin Allah da ke nan, ku yi haƙuri ku nemi wuri. Makau ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce katafila ba ta jiran aljani ya ɗaure kaya. Kafin azahar tsamiya ta kwanta, gida ya koma tudun ƙasa. Tabawa ta wuni a bakin hanya gaban kayanta, da yamma ɗan ƙaninta ya zo ya kwashe ta zuwa Adabka. Bayan wata guda Alhaji Sambo ya ba Makau fili a bayan gari, wai kyautar ƙwazo. Ƙwazo fa! Allah ya sawwaƙe.

Daga Talatar nan gidan Makau bai sake ganin magariba lafiya ba. Ranar Laraba kayan ɗakin Sahura aka fitar, har gado da katifa. Alhali Makau ya sa kwaɗo a ƙofar zaure, ya bar jam'i ya zauna gadi da kulki a hannu. Kwaɗo yana nan a kulle, makulli yana aljihunsa, kaya kuma suna waje a jere. Ranar Alhamis aka fara jifa. Ba duwatsu ba ne, guntayen tubalin ƙasa ne, tsofaffi, wani ma da shafen farar ƙasa a jikinsa. Suna sauka kan kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, daga ladan ya buɗe baki har a kira isha'i. A tsakanin jifa da jifa kuma ana jin muryoyi cikin bango, ƙasa-ƙasa, kamar mata suna shawarar inda za a ajiye kaya. Wani lokaci jariri ya yi kuka sau ɗaya, ya yi shiru.

Maƙwabta suka daina shigowa ko aron rariya. Mai tallan nono ta sauya hanya. Da abin ya ishi Makau, ya je ya sami Alhaji Sambo a gaban shagunansa, waɗanda yanzu suke fuskantar sabuwar kwalta, an shafe su da sabon fenti. Ya durƙusa ya zayyana damuwarsa.

"To ni mi kake so in yi maka?" in ji Alhaji, idonsa a kan waya. "Ni nac ce ka kada icce ba sallama? Awo aikinka na, ni sa hannu kawai nika yi. Kada in ji sunana cikin wagga magana."

Haka Makau ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, shi kuwa wanda ya tura shi yana cikin inuwa ana yi masa fifita.

A rana ta takwas abin ya bar kan kwano ya sauko kan Kausar. Ana kiran magariba ta miƙe daga inda take tsince shinkafa, ta kwance igiyar shanya, ta zaro kara biyu daga dangar akuya, ta fara auna tsakar gida. Taku ɗaya-ɗaya take yi, a duƙe, tana jan ƙafar hagu. Ta kafa kara a ƙofar ɗakin uwarta, ta ja igiya ta ratsa ta kan murhu, ta kafa ɗayan a bakin ɗakin ubanta.

"Kausar, mi kike yi haka?" in ji Sahura.

Yarinyar ta ɗago. Idon nata ne, kallon kuwa ba nata ba ne.

"Nan hanya za ta bi," ta ce, da muryar tsohuwa mai kaushi. "Ku kwashe."

Daga ranar ta daina cin abinci. Da rana takan kwanta sharaf ba ta magana, in aka ɗura mata kunu ya dawo. Da magariba ta tashi da ƙarfin maza uku ta yi awonta, ta faɗi. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ƙara mata ruwa, ba a ga komai ba. Cikin kwana goma yarinyar nan mai jiki ta koma fata da ƙashi, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Ranar da Sahura ta ɗaga ta za ta sauya mata zani ta ji ba ta fi damin kara nauyi ba, sai ta fito ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, ɗiyarka mutuwa za ta yi. Ni ban san abin da ka taka ba, amma kai ka sani. In ba ka nemo mai magani ba ta mutu, wallahi ba ni yafe maka har gaban Allah."

Shekara ashirin da biyu suna tare bai taɓa jin irin wannan daga bakinta ba. Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi Bukkuyum, inda aka kwatanta masa wani Malam Lirwanu.

Malam Lirwanu ɗan siririn tsoho ne, rigarsa shuɗiya ta koɗe, ba laya ba guru, daga gafakar Alƙur'ani sai buta. Bayan la'asar suka iso. Bai zauna ba. Ya zagaya tsakar gidan a hankali, ya dubi karan da aka kafa da igiyar da aka ja, ya tsinci guntun tubali ya juya shi a hannu, ya mayar inda yake.

"Malam Makau, ka taɓa wani?"

"Ban taɓa kowa ba, Allah gafarta Malam. Ni ma'aikaci ne, abin da takarda ta ce shi nake yi."

Malam ya dube shi, ya ce, "To."

Ya sa aka fito da Kausar kan tabarma, Sahura ta lulluɓe ta da mayafi ta ɗora kanta a cinya. Ya ce a buɗe ƙofar zaure. Makau ya so ya hana don kada mutane su taru, Malam ya ce wanda ake so ya fita ba a rufe masa ƙofa. Ai kuwa kafin a jima zauren ya cika maƙil, har da masu leƙe ta kan katanga. Maƙwabtan da suka guje wa gidan duk sun dawo, don tsoro bai taɓa hana mutanenmu kallo ba.

Malam ya zauna ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Rana tana gangarawa, inuwar katanga ta miƙe ta rufe tabarma, iska ta tsaya. Ranar ba a jira ladan ba. Tubali na farko ya sauka kan kwano. Na biyu ya biyo. Na uku ya faɗo daf da gwiwar Malam ya wargaje, ƙurar ta hau kan rigarsa, bai ko ɗaga kai ba. Sai yatsun ƙafar Kausar suka fara karkarwa. Karkarwar ta hau ƙauri, ta hau ƙirji, yarinyar da ba ta iya ɗaga hannu ta ture uwarta gefe ta zauna daram.

"Ya isa haka, malam. Ƙona ni kakai," in ji muryar nan mai kaushi.

Malam ya tsaya. "Assalamu alaikum."

Mutanen zaure suka kasa kunne.

"Wa alaikumus salam," in ji muryar. "Kai ne na farko da yay yi mani sallama cikin wanga gari tun da anka kada ɗakina."

"Musulma ce ke?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba ya yi maka amfani. Ka ce maƙwabciyar Tabawa. Shekara hamsin da ɗaya katangarmu guda, ita tana ƙasa ni ina bisa tsamiya. Ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba tare da bisimilla ba, ni ko ban taɓa firgita mata ko kaza ba."

"To mi yak kawo ki jikin ɗiyar mutane? Ita tak kada miki icce?"

"Ina za ni? An tashe ni da rana tsaka, ni da jikokina, ba sallama ba wa'adi. Sai nib biyo wanda yat tashe ni. Ɗaki nika nema, na ko samu. Ya kwashe iyalinai ya bar mani gidan, in sake ta."

"Ba a ba ki gidan. Zalunci ba ya wanke zalunci."

"To ina nan ciki har ta ƙare."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Muryar ta tsala ihu wanda ya sa na kan katanga suka dira. Wuyan Kausar ya sandare ya lanƙwasa baya, kumfa ya fito a gefen bakinta, ƙasusuwan haƙarƙarinta suna ɗagawa ta cikin riga. Sahura ta rarrafo tana cewa, "Malam, ɗiyata! Malam, ɗiyata!" Jikin nan ba zai ɗauki dogon karatu ba. Malam ya ga haka, aljanar ma ta san ya gani. Ya rufe baki.

"Faɗi abin da za ki karɓa wanda shari'a ta yarda da shi."

"Jini ba ni so, turare ba ni so. Ya faɗi da bakinai wa yam matsar da turaku."

Duk ido ya koma kan Makau. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta taron kwamiti. "Ai gyara ne ya zo daga sama. Takarda ce..."

Wata dariya ta fito daga bakin yarinyar, wadda har yau waɗanda suka ji ta ba su son tuna ta.

"Ina bisa reshe ina kallonka. Asubar Litinin, mutane suna masallaci, kai kana tahe da guduma cikin buhu."

Hannayen Kausar suka tashi da kansu suka kama maƙogwaronta. Sahura ta rirriƙe su tana ja, ko motsi ba su yi ba. Numfashin yarinyar ya koma wani siririn fito. Malam Lirwanu ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci maigidan.

"Malam Makau, ɗazu na tambaye ka kac ce ba ka taɓa kowa ba. Ni ba ni iya korar mai gaskiya don in rufa wa maƙaryaci asiri. Ga ɗiyarka, ga bakinka. Zaɓi."

Makau ya dubi zaure, ya ga fuskokin da zai riƙa haɗuwa da su a masallaci sau biyar kowace rana. Ya tuna aikinsa, ya tuna Alhaji Sambo da abin da zai iya yi masa. Kuma wallahi sai da ya yi jinkiri. Uba ne fa, 'yarsa tana shaƙe a gabansa idonta yana juyewa, shi yana tsaye yana auna abin da zai rasa. Sai da Sahura ta kira sunansa tsirara, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kawo ta gidan, sannan bakinsa ya buɗe.

"Ni ne. Ni na cire su na matsar, don hanya ta kauce wa shagunan Alhaji Sambo. Fili ya ba ni."

Zaure ya ɗauki salati. Hannayen suka ɗan sassauta, ba su saki ba.

"Da saura," in ji muryar. "Faɗi abin da tsohuwa tac ce maka ranar katafila."

Makau ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ta riƙe mini riga. Ta ce 'ya'yanta biyu suna kwance a gindin katanga, jarirai, tun na ƙuruciya, a cikin gida aka rufe su yadda ake yi da. Ta ce in ba ta wuni ɗaya a kira liman a tone su a kai maƙabarta."

"Kai kac ce mi?"

"Na ce aiki ba ya jira."

Ba wanda ya yi salati wannan karon. Sahura ta dubi mijinta kamar yau ta fara ganinsa, ta kawar da kai. Hannayen Kausar suka sauka kan cinyarta.

"Ni nika tsaron su," in ji muryar, yanzu ba faɗa a cikinta sai gajiya. "Shekara arba'in da wani abu, ko kare bai taɓa tonon wurin ba. Yanzu motocin hatsi ke bi ta kansu."

Malam ya fuskanci yarinyar. "An zalunce ki, an zalunci Tabawa, kowa ya ji. Amma yarinya ba ta da hannu, ke ma kin sani. Ki fita don Allah. Akwai babbar kuka bakin gulbi, ki koma can ke da jikokinki."

"Tambayi mai takarda."

Malam ya dubi Makau. Makau ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tashar mota za a yi a wurin baɗi."

"To kurmin da ke hanyar Anka?"

"An yanka shi, rumfunan kasuwar dabbobi ne."

"Ka ji ko, malam?" in ji muryar. "In koma, su sake biyo ni da jan ƙyalle. Ba inda alƙalaminsu bai taka ba."

Malam ya yi tunani. "Filin da anka ba ka, akwai icce ciki?"

"Akwai marke guda."

"Akwai aikin da za ya bi ta kai?"

"A'a. Shi kam duk ayyukan sun kewaye shi."

Ai dole su kewaye shi, filayen 'yan kwamiti ne a jere a wurin. Wani a cikin zaure ya yi tsaki mai ƙarfi, ba wanda ya hana shi.

"Na karɓi icce," in ji muryar. "Ƙasa kuwa ta Tabawa ta. Ya kai mata takarda da ƙafatai. In ya sake taka wurin da sunan nashi ne, ni da shi."

Malam ya sa ta rantse da Allah sau uku cewa ba za ta koma jikin yarinyar ba, ba za ta sake taɓa gidan ba. Ta rantse. Ya yi mata sallama kamar yadda ake yi wa baƙon da zai kama hanya, ta amsa. Kausar ta yi atishawa ɗaya, ta yi ta biyu, a ta uku igiyar da ke miƙe a tsakar gida ta tsinke da kanta, karan nan biyu suka faɗi. Wata iska mai sanyi ta bi ta zaure, mutane suka dare mata. Yarinyar ta sulale jikin uwarta.

Ladan ya kira magariba. Kowa ya ɗaga kai yana jiran kwano, kwano bai yi ƙara ba. Can Kausar ta buɗe ido ta ce da muryarta ta da, "Inna, yunwa nake ji."

Washegari Makau ya kama hanyar Adabka, laka har gindin babur, sau biyu yana sauka yana turawa. Ya sami Tabawa zaune a inuwar rumbu tana tsintar kalwa. Ta rame, idonta ya yi hazo, amma ta gane shi tun bai yi sallama ba. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, ya miƙa takardar fili da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

"Aje ta nan, wanda za ya gaje ni ya ɗauka. Ni ba ni komawa garin da anka taka mani 'ya'ya. Yarinya ta tashi?"

"Ta tashi, Inna."

"Alhamdu lillahi. Ita ba ta yi mani komi ba."

"Inna, ki yafe mini."

Ta ci gaba da tsintar kalwarta. "Ban ce maka Allah ya isa ba, kada kuma ka tambaye ni abin da ba ni da shi. Tashi, hadari na haɗuwa."

Ba a yi mako ba kwamiti ya dakatar da Makau. Alhaji Sambo da kansa ya karanta takardar, yana cewa an ci amanarsa, shi bai san an taɓa turaku ba. Shagunansa suna nan inda suke, hanya tana nan da lanƙwasarta, ruwa yana taruwa a kwanar duk ranar da aka yi sama.

Kausar ta murmure a hankali, kumatu suka dawo, ta fara taya uwarta aiki. Abin da Makau yake lallashin kansa da shi ɗaya ne: kowa ya ce wanda aljani ya hau ba ya tuna abin da aka yi. Ya rasa aiki, ya rasa fili, ya rasa mutunci a gari, matarsa tana ajiye masa abinci ba ta zama. To amma ko ba komai 'yarsa ba ta sani ba.

Ranar da za ta koma makaranta, da hantsi, ta same shi zaune a zaure. Jakarta tana hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, amma ba ta tashi ba.

"Baba, mutane suna cewa ban san abin da ya faru ba."

"Haka ne, ba ki cikin hayyacinki. Kada ki sa abin a rai."

"Bakina ta ara, Baba. Kunnuwana ba ta taɓa su ba. Na ji komai."

Makau ya gyara hula. Ya fara haɗa maganar da zai yi a kan hukuma da matsin manya, ta ɗaga hannu kaɗan.

"Ba maganar turaku nake ba, wannan tsakaninka da Tabawa ne da Allah. Abu ɗaya nake so in sani. Da Malam ya ce ga 'yarka ga bakinka, na ji ka yi shiru. Ina shaƙe, ina jiranka, ka daɗe. Me kake tunani a lokacin?"

Ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba a gaban dattawa ko a gaban hukuma, ya rasa ko kalma ɗaya. Ta jira shi, idonta a kan fuskarsa, ta ba shi lokaci isasshe. Sannan ta gyaɗa kai ta miƙe.

"To. Na tafi."

"Tsaya in kai ki tasha a babur."

"Bar shi, Baba, zan taka."

Ya biyo ta har ƙofar gida ba takalmi. Ya kira sunanta sau ɗaya, ya sake kira. Ta amsa, "Na'am," ba ta waiwayo ba, ba ta kuma rage sauri ba.